Bangon Da Ba A Kafa Wa Ƙusa Ba

Yanzu idan na zauna a dakalin ƙofar gida da hantsi na dubi titin da ya ratsa Rogo, ba na ganin bango ko ɗaya da yake na mai shi. Wannan an shafe shi da fentin kamfanin waya tun daga tushe har indararo. Wancan an lulluɓe shi da hotunan 'yan takara, fuska a kan fuska, wanda ya faɗi zaɓe yana leƙowa ta ƙarƙashin haɓar wanda ya ci. Har jikin masallacin unguwa sai da liman ya sa aka rubuta a daina liƙi, kuma a gefen rubutun nasa wani ya zo ya manna tallan maganin basir. Ba na faɗa da kowa a kan wannan. Ni ɗan kasuwa ne, na san kaya ba ya sayar da kansa. Amma na ga abin nan tun yana jariri, kuma na taɓa tsayawa a gabansa na ce masa a'a. Shi ya sa nake so in faɗi yadda aka yi tun ina da bakin faɗa.

A tasowarmu talla abin kunne ne, ba na ido ba. Ranar kasuwa, tun kana bakin rijiya kana shayar da dabbobi za ka ji kalangun mahauta, ka san sa ya faɗi, kuma daga zafin kiɗan kana iya gane ko mai kitse ne. Matan Fulani su shigo da ƙwarya a ka suna kiran nono da wata murya siririya da ke ratsa katanga. Mai gishiri da nasa kiran, mai daddawa da nasa, maƙeri kuwa ba ya kiran kowa, ƙarar uwar maƙerarsa ta ishe shi. Da la'asar ta yi sanyi kowa ya naɗe tabarmarsa, tallansa ya bi shi gida, gari ya koma na masu gari. Bango kuwa maganarsa daban ce. Mutum in Allah ya buɗa masa ya gina zaure, sai ya kira magini ya yi masa zane a fuskar ƙofa, a murɗa ƙasa tun tana ɗanya a fitar da dagi, wato ƙullin nan da ba ka gane inda ya fara balle inda ya ƙare. Baƙo in ya gani ya san gidan mai mutunci ne, ba sai an gaya masa ba. Ba a sayar da komai da wannan zane. Ado ne kawai, kamar yadda ake yi wa riga aiki a wuya.

Ni ban gaji kasuwanci ba. Mahaifina manomi ne, dawa da gero da ɗan gyaɗa, kuma da ya rasu abin da ya zo hannuna jaki ne guda da mangala. Da shi na fara, ina ɗaukar kanwa da gishiri daga Karaye in bi ƙauyuka, Beli yau, Gwangwan gobe, in dawo da barkono da wake. Na koyi daka wa jaki dusa kafin in ci nawa, na koyi ɗinkin mangala da kaina, na koyi yin shiru in mai saye yana zagin kaya, don wanda ya zagi kaya shi ke sayensa. Jaki ya zama garke. Sai zamanin gyaɗa ya buɗe, Turawa suka gyara hanyar rani, motocin kamfanoni suka fara shigowa suna kwasar buhuna, suna sauke kananzir da sabulu da atamfa da taba. Tare da kayan nan ne faranti ya zo.

Abin da muke ce wa faranti allo ne na ƙarfe mai ƙyalli, irin ƙarfen kwanon langa, da rubutun boko da hoton kayan kamfani a jiki, ja da shuɗi da rawaya, launin da ba mu taɓa gani a jikin ƙasa ba. Duk wanda kamfani ya ba wakilci, wato ya amince ya riƙa sauke masa kaya yana sayarwa, sai a kafa masa faranti a bangon shagonsa. Da farko kowa sha'awa yake yi. Mata in za su wuce sai su rage tafiya su saci kallon fuskarsu a ciki. 'Yan kasuwa suna alfahari da shi kamar an naɗa musu rawani. Kafin a jima ya cika Karaye, jikin shaguna, jikin rumfunan tasha, har jikin kukar bakin kasuwa. Ni dai ina kallo ina lura da abu guda. Akwai wani mai shago da suka saɓa da kamfani, aka zo aka ɓamɓare farantin aka kai shagon maƙwabcinsa. A mako mai zuwa na ga mutanen da suka shekara suna saye a wurinsa sun wuce shi ko gaisuwa babu, sun bi farantin. Aka bar shi da ramukan ƙusa a bango.

Duk da haka wakilci nake so, don na gaji da bin jaki. Na sayar da garken, na bar biyu, na sayi fili a bakin kasuwar Rogo na tayar da zaure babba da ɗakin ajiya a bayansa. Duk abin da na tara tun ina saurayi ya shiga cikin wannan gini. Na yi magana da akawun wani kamfani, wani ɗan birni mai ladabi, ya ce da an gama gini zai zo da mota ya sauke mini kananzir da sabulu. Saura abu guda, fuskar zauren. Ita kuwa ban yarda kowa ya taɓa ta ba sai Baba Tanimu.

Baba Tanimu magini ne, Bazazzagi, ya daɗe da zama a Karaye. Ya haife ni a shekaru, amma tsakanin Bakano da Bazazzagi akwai wasa, kuma shi ba ya barin wasan ya huce. Na same shi a ƙofar gidansa yana ɓare kwanson ɗorawa, wanda ake jiƙawa a yi makuba, ruwan da ake shafa wa bango don kada damina ta ci shi.

Na durƙusa na ce, "Salamu alaikum, Baba. Barka da aiki."

Ya ce, "Alaikumus salam. Wa nake gani haka? Bakano da sassafe? Bari in ɗaure bakin aljihuna."

Na ce, "Haba Baba, aljihun Bazazzagi ko a buɗe ka bar shi me za a samu in ba ƙasa ba?"

Ya yi dariya, muka gaisa sosai, ya tambayi mutanen gida da hanya. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai dariyar ta ɗauke. Ya karkaɗe hannu ya ce in biyo shi. Muka taka har wani babban zaure kusa da tasha, wanda shi ya yi wa zane shekarun baya, har mutane ke zuwa daga ƙauye kallo. Ban taɓa tsayawa na dube shi da kyau ba tun da aka fara kafe-kafe. Farantin taba ya zauna daidai tsakiyar dagin da ke saman ƙofa, ya rufe ƙullin. Na sabulu a dama, na maganin ciwon kai a hagu. Inda zanen ya yi tudu ya hana farantin kwanciya, an sa guduma an fasa.

Ya ce, "Ƙasar nan da ƙafata na taka ta. Ka ga inda hannuna ya bi? Ba ka gani ba, sai wannan gardin mai busa hayaƙi. Na daina yi wa 'yan kasuwa zane. Ku ba gida kuke ginawa ba, maratayi kuke ginawa."

Na ce, "Baba, nawa ba za a kafa masa ƙusa ba."

Ya ce, "Je ka gaya wa jakinka, shi zai yarda."

Ban yi fushi ba, kuma ban fasa ba. Duk zuwana Karaye sai na biya ta wurinsa da goro, in zauna, in taya shi ɓarar ɗorawa, in sake faɗin maganar nan guda. A raina na riga na tsara: zan kafa azara a gaban zaure a rataye farantin kamfani a jikinta, bango ya tsira, kowa ya sami nasa. Ran nan dai ya gaji da ni ya ce, "To, na ji. Amma sharaɗi biyu. Hannuna ne, ba za ka ce mini ga yadda zan yi ba. Kuma kai za ka miƙo ƙasa da kanka, ba ɗan ƙwadago ba, don ka san nauyinta."

Yaran yanzu da suka tashi cikin bulo da siminti ba za su san wannan aiki ba. Ana haƙo jar ƙasa a tankaɗe ta, a kwaɓa da ruwa da kashin doki, a yi ta takawa, a rufe a bar ta ta ruɓa har ta yi danƙo kamar tuwo. Ranar zane kuwa ba hutu, don ƙasa ba ta jiran kowa. Abin da ba ka fitar tana ɗanya ba, in ta sha iska ya wuce ka. Baba Tanimu yana kan tsani, ni ina ƙasa ina cura ina jefa masa, yana cafewa ba tare da ya waiwayo ba. Kayan aikinsa yatsunsa ne da wani tsohon cokali da ya lanƙwashe. Ba ka jin komai sai faɗuwar ƙasa a bango, ɗaf, ɗaf, da gunjin waƙar da yake yi a maƙogwaro wadda ba ta da baiti.

Yadda magina ke yi tun asali, ana ƙawata kewayen ƙofa ne, a bar dama da hagu sumul, fili mai faɗi, wai ido ya huta. A irin wannan filin ne ake kafa faranti. Da rana ta take tsaka na ja baya don in sha ruwa, na ɗaga kai, sai na ga zanen ya bar kewayen ƙofa ya bazu. Igiya ta haye igiya, ƙulli ya kama ƙulli, daga wannan kusurwa yana neman waccan. Babu inda za ka kwantar da tafin hannunka.

Na ce, "Baba, ba ka bar fili ba."

Ya ce, "Filin me? Noma za ka yi?"

Na tsaya da miƙo ƙasa. Ya ce, bai ko juyo ba, "In ba ka so, daina miƙo ƙasa. Ni ba na zane da iska."

Curin ƙasa yana hannuna, yana ɗiga ta tsakanin yatsuna. Na gane abin da tsohon yake yi. Bai yarda da alkawarin Bakano ba, sai yake gina alkawarin a cikin bangon, yadda ko na so warwarewa sai da guduma. Na dubi curin, na dubi bangon, na jefa masa.

Daga nan sai ya saki jiki. Ya ce, "Me ka ce za ka sayar?" Na ce kananzir. Ina kallo ya murɗa ƙasa a gefen ƙofa, sai ga fitila ta fito, da ƙwanta da mariƙinta da ɗan murfin mai. Ya yi garwa a ƙasanta. A ɗaya gefen ya yi sikeli da kwanukansa biyu, ya yi almakashi, can sama ya yi keke da ƙafafunsa da sarƙarsa, har masu wucewa suka tsaya suna tafi da dariya. Bai yi abu mai rai ba ko ɗaya, ya ce shi ba zai tsaya gaban Allah a ce ya hura wa ƙasa numfashi ba. Kowane abu kuwa igiyar dagi ta zagaye shi ta riƙe, kamar an ɗaure akuya a turke. Da ya sauko ya wanke hannu ya ce, "Su sun kafa kayansu a kan zanena. Ni na ɗaure kayansu a cikin zanena. A je a gani." Bayan ƙasar ta bushe muka bi ta da farar ƙasa da baƙin gawayi da shuni daga marina.

Akawu ya zo jajibirin kasuwa bayan la'asar, mota cike da akwatunan kananzir da sandunan sabulu, da lebura riƙe da faranti da guduma. Mutumin ya sauko ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Masha Allah, ko a birni ban ga irin wannan ba." Sannan ya karɓi farantin ya bi bangon da shi, ya ɗora nan ya yi rawa, ya ɗora can ya zame. Jama'a suka taru. Wani ya ce a gwada a kan keken ko zai tafi da shi.

Ya ce, "Malam, a ina zan kafa?"

Na nuna masa azarar da na kafa a gaban ƙofa, na ce ga wurinsa nan na tanada.

Ya girgiza kai ya ce, "Baturen kamfani ya ce a bango, mai kallon hanya. Itace ana tumɓuke shi. In ya zo rangadi bai gani a bango ba, ni zan sha, ba kai ba. Ba abu ne mai yawa ba, a kankare nan gefen ƙofa, wurin fitilar nan, daidai faɗin farantin. Sauran duk naka ne."

Ba mugu ba ne, abincinsa yake karewa. Leburan ya matso da gudumarsa. Baba Tanimu yana zaune a kan dakali yana cin goro, idonsa a kan wasu kaji, kamar ba a garin yake ba. A tsallaken hanya kuwa ga Dogo, wani mai shago da ya daɗe yana neman wakilcin nan, ya fito ya jingina da bangonsa mai santsi. Bayana ɗakin ajiya ne da ba kowa a ciki sai ɓera. Na san in motar nan ta juya ba ni da abin sayarwa gobe, ba ni da garken komawa. Amma na tuna mutumin Karaye da ramukan ƙusarsa. Tsofaffi suna cewa zanen aro ba ya rufe katara. In suna na wani ne a bangona, masu saye na wani ne, aro aka ba ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kayanku ina so, Allah ya sani. Amma bangon nan na riga na yi magana a kansa."

Ya ce, "Ka yi tunani. Ka san Dogo yana jira."

Na ce, "Na sani, ga shi can yana lasar baki."

Aka yi dariya, har shi akawun. Ya miƙo mini hannu muka yi sallama, mota ta ja da baya ta tsaya a ƙofar Dogo. Ina tsaye ina jin gudumar tana shiga bangonsa, ina kallon lebura na sauke kayan da da nawa ne. Baba Tanimu ya tashi ya karkaɗe riga ya ce, "Bakano ya bar riba ta wuce. Yau za a yi ruwa ko da rani ne." Na ce, "Baba, ai kai ka jawo." Ya ce, "Ni ƙasa na jawo." Ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar Karaye. Bai ce na gode ba, ni ma ban nema ba.

Mutane sukan tambaye ni yadda na yi na kai ga motocin kaina da shaguna a garuruwa, su zaci wata dabara ce. Ni na san abin ya fara ne daga washegarin wannan rana, da na buɗe zauren da ya fi kowanne kyau a Rogo, ba komai a ciki. Na shimfiɗa tabarma a ƙofa na zuba ragowar kanwata ta zamanin jaki. Jama'a suka yi cincirindo suna kallon bango, su gama su tsallaka wurin Dogo su yi sayayya. Shi kuwa yana ɗago murya, "Mai zaure! Babbar riga ba wando! A aro maka garwa ɗaya ka yi ado?" Na ce masa ya riƙe, zai buƙace ta.

Can rana ta ɗaga sai ga wata tsohuwa daga Gwangwan, riƙe da kwalba da aka toshe da totuwa. Ta dubi fitilar bango, ta dube ni.

Ta ce, "Ɗan nan, nan ake sayar da man fitila?"

Na ce, "Nan ne, Iya, amma bai iso ba tukuna. Yau ki tsallaka can za ki samu."

Ta ce, "To don me ka zana abin da ba ka da shi? Ƙarya a baki ba ta ishe ku ba sai kun gina ta?"

Na ce, "Iya, ki dawo kasuwa mai zuwa. In ba ki samu ba, ki zo da fartanyarki ki kankare fitilar nan da hannunki."

Ta ce, "Na ji," ta tsallaka.

Kantin Karaye na kamfanin nan ne, ba za su sayar mini a sari ba. Sai na ɗora wa jakunan nan biyu mangala na kama hanyar Zariya, inda jirgin ƙasa ke sauke kaya, da abin da kanwa ta kawo da 'yar gyaɗar da ta rage a rumbu. Tafiya ce da ban so in sake ba. Garwa ba ta zama lafiya a bayan jaki kamar buhu, tana kaɗawa tana goga, sai da na yage rigata ta ciki na yi wa ɗayan matashi a gadon baya. Ribar da ke ciki ba ta kai wahalar ba, na sani tun kafin in tashi. Na shigo Rogo da safiyar kasuwa, ƙafata a kumbure, jikina duk warin kananzir, kalangun mahauta na tashi. Na sauke garwa a gindin fitilar ƙasa, na huda ta da wuƙa, na zauna.

Ba a jima ba na hango ta tana ratso kasuwa, kwalba a hannu, fartanya a kafaɗa.

Na ce, "Iya, ashe da gaske kika ɗauka?"

Ta ce, "Kai ka faɗa, ba ni ba."

Na karɓi kwalbar na cika ta har wuya. Ta ɗaga ta saitin rana ta duba ko na haɗa da ruwa, ta shinshina, sannan ta sauke fartanyar ta jingine ta a ƙasa. Ta kwance bakin zanenta ta ciro wata 'yar kwalbar turare da ta ƙare, ta miƙo mini.

Ta ce, "Gyara fa?"

Na cika mata ita ma.